Takobin Sihiri da Zahirin Lafazi: Martani ga Mai Hana Alƙalin Wasa Ijtihadi

Wani malami mai sha'awar wasannin Turawa ya rubuta doguwar makala kwanan baya a kan yadda ya kamata a fahimci dokokin makaman sihiri a cikin wasan nan da ake kira Dungeons & Dragons, kuma abin da ya kafe a kansa, in an tattara zancensa wuri guda, shi ne cewa duk abin da aka rubuta a littafi game da takobi ko baka ko mashin sihiri a ɗauke shi bisa zahirin lafazinsa, ba ƙari ba ragi, abin da littafi ya yi shiru a kansa kuwa babu shi ke nan, alƙalin wasa ba shi da hurumin cike gurbi da ra'ayinsa; domin a ganin Malam, ranar da aka buɗe wa alƙali ƙofar tawili, ranar ce adalci ya tashi daga tebur, 'yan wasa suka koma bayin son zuciyar mutum guda. Makalar ta yi tsari, kuma da gani mai ita ya sha karatun littattafan, ba a bakin mutane ya tsinci zancen ba, wanda hakan ne ma ya sa ta cancanci martani, don da shirme ce da an ƙyale ta ta mutu da kanta. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Wajibi ne a yi wa wanda bai taɓa ganin wasan ba ɗan bayani, don kada mu yi ta jayayya a kan abin da ba a san kamanninsa ba. An fara buga shi a shekarar 1974 a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin ta Amurka, aikin Gary Gygax da Dave Arneson ne. Mutum huɗu ko biyar sukan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa magana da aiki a madadinsa, wannan mayaƙi, wancan maharbi, wancan kuma ɓarawo mai balle makullai, sa'an nan mutum ɗaya ya zama alƙali, shi ke siffanta duniyar da ake ciki, shi ke magana da bakin dodanni da sarakuna da 'yan kasuwa. In jarumi ya kai sara, mai shi zai jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20, ya haɗa abin da ya fito da ƙarin da jaruminsa ke da shi, in jimillar ta kai lambar kariyar abokin gaba sara ya shiga, sai a sake jefa wata ƙwayar a san yawan raunin. Takobin da aka rubuta wa +1 yana ƙara ɗaya a kowane jifa daga cikin biyun nan, a jifan farko kuwa ɗayan nan daidai yake da kashi 5 cikin 100. Sihirin da ake faɗa na takarda ne da alƙalami, irin wanda ake ji a tatsuniya, ba wani abin da ake binnewa a bakin ƙofa. Zan kuma ari wasu kalmomi daga wurin malaman usulu, ba don wasa ya kai darajar abin da aka tanade su dominsa ba, Allah ya kiyaye, sai don ba a yi waɗanda suka kai su tantance yadda ake karanta doka rubutacciya ba, da yadda ake rarrabe lafazi da muradi.

Hujja ta farko da za a ɗaure Malam da ita daga cikin aljihunsa za a ciro ta. Ya ce a bi nassi. To, nassin ne da kansa ya naɗa alƙali, ya kuma ba shi ikon da Malam ke son ƙwacewa. Tun a ƙananan littattafai uku na 1974 an ɗauki mai gudanar da wasa a matsayin mai raba gardama wanda kalmarsa ce ƙarshe. A littafin jagoran alƙali na 1979, Gygax ya rufe da wasiyyar da ma'anarta ita ce ruhin wasa ya fi haruffan doka muhimmanci, ya kuma gargaɗi alƙali da kada ya bari wani mai son gardama ya riƙa ɗora masa layukan littafi a ka alhali sun saɓa wa manufar wasan a fili. Littafin jagora na 2014 shi ma ya faɗa tun a gabatarwarsa cewa alƙali ke riƙe da wasa, ba dokoki ba. Wanda ya ce shi mabiyin zahiri ne, sa'an nan ya tsallake wannan nassi sarihi ya tafi ya riƙe wanda ke bayanin kibiya, bai bi zahiri ba, zaɓe ya yi, zaɓe kuwa shi ne farkon tawilin da yake gudu. Ko Ibn Hazm na Andalus, wanda ya ƙi ƙiyasi ƙiyayya mai tsanani, ba a san shi da ɗaukar rabin nassi ya bar rabi ba.

Wannan gardama ma ta girmi wasan da kusan shekara 100. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan hafsoshi wasan yaƙi a kan taswira, mai tarin dokoki da jadawali, aka karɓa aka riƙa horar da hafsoshi da shi, har dokokin suka yi ta ƙaruwa suka zama kaya. A 1876 wani hafsan, Verdy du Vernois, ya kawo shawarar a rage littafi a dogara da gogaggen alƙali. Daga wannan zuriya ta wasannin yaƙi ne wasanmu ya fito, ya kuwa gaji alƙalin tare da jadawalin.

Mu bar tarihi mu koma ga makaman kansu. Akwai wani mashahurin takobi mai fille kai, wanda a bugun 2014 aka ba shi +3, aka ce in mai shi ya jefa 20 cif, kan abokin gaba ya faɗi. Nan take kuma aka jero waɗanda ba a fille musu kai: wanda sara ba ya kama shi, wanda ba shi da kai ko ba ya buƙatarsa, manyan dodanni masu ayyuka na musamman, da kuma wanda alƙali ya ga ya yi girman da wannan takobi ba zai raba wuyansa ba, su waɗannan sai a ƙara musu raunin ƙwaya 6 masu fuska 8 a maimako. Ina Malam zai kai wannan togaciya ta ƙarshe? Ba a faɗi kamu nawa wuya zai kai kafin ya gagara ba, an bar wa alƙali, kuma da gangan aka bari. Wanda ya fi wannan shi ne takobi mai hankali. A 1974 kowane takobin sihiri yana da ɓangaren da yake goyon baya, da yawansu kuma suna da wayo da girman kai, har su yi jayayya da mai riƙe da su. A 2014 an riƙe wannan babi, aka ce in abin da jarumi ya aikata ya saɓa wa muradin takobin, rikici ya tashi, in kuma takobin ya nemi mallakarsa sai jarumi ya yi jifan tsira, in ya faɗi takobi ya mallake shi na wani lokaci. To, wa zai ce an saɓa wa muradin takobi? Takobin da aka ƙera don kashe ƙattai, in mai shi ya yi sulhu da wani ƙato don ya ceci ƙauye, ya ci amanarsa ko bai ci ba? Babu shafin da zai amsa, ba kuwa don marubuta sun yi sakaci ba, sai don tambayar ba irin wadda ake amsawa tun kafin a yi ta ba ce.

Amma mas'alar da Malam ya fi daɗewa a kanta, kuma wadda ya ɗauka ita ce ginshiƙin hujjarsa, ita ce ta baka da kibiya, don haka mu ma mu zauna a kanta mu dube ta kusa. A ɗauka ana wasa da littattafan 2014 kamar yadda suka fito bugun farko. Maharbiya tana da dogon baka na sihiri mai +1, kwarinta kuwa cike yake da kiban da aka sayo a kasuwa. Cikin dare, a bakin daji, sai ga mutumin nan mai rikiɗa ya zama kyarkeci, wanda littafin dodanni ya ba shi makin rai 58 da lambar kariya 12 in ya rikiɗa, ya kuma ce duka da suka da sara ba sa kama shi in dai da makamin da ba na sihiri ba ne, sai fa in an shafe makamin da azurfa. Abin ya yi kama da abin da muka sani na 'yan tauri, waɗanda ake cewa ƙarfe ba ya cin su, sai dai shi wannan an bar masa kafa biyu da ake shiga. Ta ɗana, ta jefa ƙwaya ta fito 14, an haɗa da ƙarinta ya wuce 12 nesa, kibiya ta same shi a ƙirji. Kowa ya juyo yana duban alƙali. Mene ne makamin a nan, bakan da ke hannunta ko kibiyar da ta shiga jikinsa? Malam ya ce a duba lafazi. An duba: lafazi ya ce makami, baka makami ne, kibiya kuma abin harbawa ce da aka jera a wani wuri dabam, sa'an nan ita ce ta taɓa shi, baka bai taɓa shi ba. Lafazin nan yana ɗaukar fuska biyu, kowace fuska kuma mai riƙe da ita yana iya rantsuwa cewa zahiri ya bi. Ƙa'idar Malam ta biyu, watau abin da aka yi shiru a kansa babu shi, ita ma ba ta fitar da mu ba, domin ba a ce kibiyar ta zama ta sihiri ba, ba a kuma ce harin ba na baka ba ne. Shirun ya faɗa a kan ɓangarorin biyu daidai wa daida.

Alƙalin da ya san aikinsa, a irin wannan wuri, illar hukuncin yake nema, watau dalilin da ya sa aka kafa shi. A tsarin 2014 kayan sihiri ba abin saye ba ne a kowace kasuwa, samun su ake yi jefi-jefi, kibiyar sihiri kuma an ce da zarar ta sami abin da aka harba, sihirinta ya tafi. Shafa azurfa kuwa tsabar zinariya 100 ne a kan makami ɗaya ko kibau 10. In aka ce sai kibiya ta zama ta sihiri, mai takobi ya sami nasa sau ɗaya ya huta har ƙarshen rayuwarsa, maharbiya kuwa, wadda bakanta darajarsa ɗaya da takobin, ta zama 'yar kallo duk sa'ad da aka gamu da irin waɗannan halittu, ga su kuma da yawa a littafin. Babu alamar an yi nufin wannan bambanci, saboda haka sai ya hukunta cewa harbin ya kama. Daga baya kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ya fitar da takardar gyara, ya sauya maganar makami ta koma maganar hari, ya kuma ƙara a fili cewa abin da aka harba daga makamin sihiri ana ɗaukarsa na sihiri wajen keta irin wannan kariya. Sai mu tambayi Malam: alƙalin da ya yanke haka kafin takardar ta fito, zalunci ya yi ko daidai? In zalunci ne, yaya aka yi zaluncinsa ya zama doka ba tare da an canza komai a cikinsa ba? In kuwa daidai ne, to da me ya kai gare shi, tun da lafazin bai zo ba tukuna?

Kada kuma a zaci cewa wannan amsa ita ce gaskiyar da ke cikin ɗabi'ar baka tun fil azal. A bugu na biyu, na 1989, an rubuta akasin haka ƙarara, cewa kibiyar banza da aka harba daga bakan sihiri tana nan kibiyar banza. A gyararren bugu na uku, na 2003, aka juya aka ce tana ɗaukar sihirin baka. Haka nan mas'alar haɗa ƙari: bakan +1 da kibiyar +1, a 1989 ana tarawa su zama +2, a 2000 ma haka, a 2003 aka ce a ɗauki mafi girma kawai, a 2014 aka sake barin ƙofar tarawa a buɗe. Hatta takobin +1 da kowa ke ɗauka sananne ne, a 1974 ƙarinsa a kan samun sara kaɗai yake, bai ƙara rauni ba. Malam zai ce wannan nasihi da mansuhi ne, na baya ya shafe na farko, a bi na ƙarshe. Na yarda, amma abin lura a nan shi ne abin da ya sa hukuncin ke juyawa: duk lokacin da yawan kayan sihiri a hannun 'yan wasa ya canza, ko girman lambobin ya canza (a dā ana kai wa +5, a 2014 aka tsaya a +3), sai marubuta su sake auna maslahar wasan su sake rubutu. Ashe ke nan lafazin da Malam ya riƙe kamar dutse ijtihadin wasu mutane ne a ofis, waɗanda suka yi daidai abin da yake hana alƙali, bambancin kawai su ba su ga teburin da ake wasan ba, shi kuwa alƙali yana zaune a gabansa.

Akwai inda bin zahiri ke kai mutum ga amsa mai kyau, amma bisa katari, kuma a nan ne aibinsa ya fi fitowa. Bayan gyaran da aka ambata, kariyar mai rikiɗa ta zama daga hari ce wanda ba na sihiri ba. Faɗowa daga sama ba hari ba ce, saboda haka in aka hankaɗa shi daga kan ganuwa mai tsawon ƙafa 30, zai sha raunin ƙwaya 3 masu fuska 6, tun da doka ta ce ƙwaya ɗaya ce ga kowace ƙafa 10, iyakarta 20. Malam ya kawo wannan da murna a matsayin shaidar cewa lafazi ya isa. Ni ma haka zan hukunta, sai dai ba don dalilinsa ba. An ba dodon nan wannan kariya ne don a tilasta wa 'yan wasa su ajiye takobi su yi tunani, su je wurin maƙeri neman azurfa, ko su ƙulla wata dabara. Waɗanda suka yaudare shi har bakin gaɓa suka tura shi sun yi abin da ake so, a saka musu. To amma a ci gaba da bin lafazin a ga inda zai sauke mu. Ƙaton tudu ya ɗauki dutse ya jefe shi, jifan da a littafi yake yin raunin 21 a matsakaici, mai rikiɗa ko gezau, domin hari ne. Dutsen nan shi ɗin dai, in gangarowa ya yi daga kan tudu bisa tsautsayi ya danne shi, sai ya raunata shi, domin ba hari ba ne. Watau dutse yana fara tambayar niyyar wanda ya sake shi kafin ya san ko zai yi ciwo. Ɗan wasa mai hankali zai ce, to ni ba zan jefa ba, zan hau bishiya in saki dutsen kawai. Nan kuma dole wani ya ce ko sakin nan hari ne ko ba hari ba, wanin nan kuwa alƙali ne, ko Malam ya so ko ya ƙi.

Kuma tun da an ce harin sihiri shi ne wanda aka isar da shi ta hanyar tsafi ko ta wani kayan sihiri, sai ga wata ƙofar ta buɗe wadda ban ga Malam ya lura da ita ba. A cikin kayan sihirin littafin akwai wasu takalma da ke sa mutum ya hau bango kamar gizo-gizo. Doka ta halatta a yi duka da duk abin da hannu ya kai gare shi, raunin ƙwaya ɗaya mai fuska 4. Bisa mazhabar Malam, jarumin da takobinsa na ƙarfe ya gaza yana iya tuɓe takalmin nan ya yi ta marin kyarkecin da shi har ya mutu, domin kayan sihiri ne kuma da shi aka isar da harin. In 'yan tebur masu son raha ne, alƙali yana iya bari a yi, a yi dariya, ba laifi. Amma ya bari ne don ya ga dama, ba don littafi ya ɗaure shi ba, in kuwa labarin ban tsoro ake bayarwa wanda aka yi makonni ana gina shi, yana da cikakken haƙƙin cewa sihirin takalmi na hawa ne, ba na duka ba. Ɗan'uwan wannan shi ne wanda kibansa suka ƙare ya juya bakan +1 ya yi ta bugu da shi kamar kulki. Lafazi ya ce ƙarin yana kan harin da aka yi da wannan makami, an kuwa yi da shi. Abin da na rinjayar a nan shi ne a raba hukuncin biyu: dukan ya keta kariyar, tun da makami ne da aka ƙera don yaƙi kuma sihirin yana jikinsa, amma ƙarin +1 kada a ba shi, domin ƙwarewar baka a harbi take. Wani alƙalin zai ba da duka biyun, ba zan ce ya ɓata ba. Saɓani ne irin wanda ake zama da shi.

Na san mafakar da Malam zai koma, ya ma nuna ta a ƙarshen makalarsa, inda ya ce in lafazi ya rikice a koma ga fatawar masu wasan. Lalle akwai wannan al'ada, tsohuwa ce kuwa: tun 1979 mujallar Dragon ta buɗe shafin amsa tambayoyi mai suna Sage Advice a hannun Jean Wells, Skip Williams ya riƙe shi shekaru masu yawa, a zamanin bugu na biyar kuma, watau na 2014, Jeremy Crawford ya gaji shafin. Sai dai shi Crawford ɗin, tun da ya fara a 2015, ya bayyana cewa yana duban kowace doka ta fuska uku, abin da aka rubuta, da abin da aka nufa, da abin da zai sa wasa ya yi daɗi, ya kuma ce alƙali ke da ta cewa ta ƙarshe. Daga baya ma kamfanin ya sanar cewa amsoshin da ma'aikatansa ke bayarwa a kafafen sadarwa shawara ce, ba hukunci ba. Muftin da Malam ke son mu yi wa taƙlidi ba bazahire ba ne, kuma da bakinsa ya mayar da mu wurin alƙalin.

Duk da haka, in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ba zan yi wa Malam rowar gaskiyarsa ba. Akwai alƙalan da ke fakewa da ijtihadi su yi abin da suka ga dama: yau takobin wuta ya hana wani dodo mai warkar da kansa warkewa, gobe da alƙali ya ga dodonsa zai mutu da wuri sai ya ce wutar takobi ba wutar gaske ba ce. Ɗan wasan da ya sadaukar da ɗaya daga cikin guraben nan 3 da doka ta yarda mutum ya ɗaura wa kansa manyan kayan sihiri, ya gina jaruminsa a kan abin da ya karanta, in aka zare masa tabarma a tsakiyar faɗa, an cuce shi. Haka kuma a wasannin taro, inda baƙi ke haɗuwa mutum ya ɗauki jaruminsa daga wannan tebur zuwa wancan, kusantar lafazi ya fi aminci, wannan ma yana cikin dalilan da Gygax ya bayar na tsaurara dokoki a ƙarshen shekarun 1970. Amma cutar da Malam ya gano ba ijtihadi ne ya kawo ta ba, rashin tabbata a kan hukunci ne da son kai. Maganinta shi ne alƙali ya faɗi fahimtarsa tun ranar da makamin ya shiga hannun ɗan wasa, ba sai ƙwaya ta faɗi ya ga wanda za ta amfana ba; in kuma mas'ala ta faɗo ba zato, ya yanke da sauri kada wasa ya tsaya, bayan an tashi a zauna a duba littafi tare, abin da aka daidaita a kansa a rubuta a bayan takardar jarumi, sa'an nan ya hau kan dodanni kamar yadda ya hau kan 'yan wasa. Mugun alƙali kuwa ko an ɗaure shi da lafazi ba a tsira daga gare shi ba, tun da shi ke zaɓen dodon da za a gamu da shi, da yawansu, da makamin da za a tsinta a akwati.

A littafin dodanni na 2025 an cire wannan babi na kariya daga harin da ba na sihiri ba gaba ɗaya, mai rikiɗa ya koma wanda kowane takobi ke ci, rabin misalan da ni da Malam muka yi ta ja a kansu suka zama tarihi ga masu bin sabon bugu. Amma ga wata mas'ala da gyaran bai taɓa ba, kuma zan so in ji yadda Malam zai yi da ita. Takobin nan mai harshen wuta, an ce in aka faɗi kalmarsa wuta ta tashi a kaifinsa, ta haskaka ƙafa 40 haske sosai da wasu 40 dishi-dishi, ta kuma ƙara raunin ƙwaya 2 masu fuska 6 a kan abin da aka sara. Tsafin dunƙulen wuta an rubuta masa a fili cewa yana kama kayan da ke ci da wuta, takobin nan kuwa ba a rubuta masa ba. A ƙa'idar Malam ke nan, wutar da ke haska fili guda ta kuma ƙona naman dodo ba za ta iya kunna fitila ba, balle ta kama jinkar bukka, don an yi shiru. Ni kam in ɗan wasa ya ɗora shi a kan jinkar sansanin 'yan fashi, zan ce ta kama, in kuma gaya masa tun a lokacin cewa ranar da ya zare shi a cikin rumbun hatsi, ko a cikin jirgin ruwa na katako da abokansa ke ciki, nan ma za ta kama, kuma ba zan saurari hujjar cewa littafi bai faɗa ba.